Ku Tambayi Hajiya: Wace manhaja zan sauke don neman abokin zance?

Assalamu alaikum Hajiya. Shekaruna 48, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Maigidana ya rasu shekara huɗu ke nan, yara sun girma, autar ma tana makarantar kwana. In na rufe shago na koma gida, ni da talabijin ne har barci. Ba gaggawar aure nake ba. So nake in samu dattijo mai hankali mu riƙa zance, in Allah ya nufi wani abu daga baya, to. 'Yata ta ce akwai manhajoji na kyauta. Wacce zan sauke, kuma yaya zan yi kada maganar ta bazu a zango?

'Yar'uwarki daga Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan maigida, ya kai haske kabarinsa. Kaɗaicin da kika kwatanta na san shi a gidaje da yawa, kuma neman mafita ta hanyar mutunci ba abin kunya ba ne.

Ni dai Muzz zan ce ki fara da ita. Wani Musulmi ɗan Ingila, Shahzad Younas, ya kafa ta a 2015 da sunan Muzmatch, aka sauya sunan a 2022. Na fifita miki ita ne saboda tana barin mace ta rufe hotunanta, su fito dishi-dishi, sai wanda kika yarda da shi za ki buɗe wa. Ke da rabin matan unguwar Asawase suka san fuskarki a shago, wannan shi ne amsar tambayarki ta biyu. Tana kuma da wurin saka waliyyi, wato yayanki ko ƙanenki, a riƙa tura masa hirar da kuke yi. Kada ki ce ai ke babba ce, ba ki buƙata. Namiji in ya san akwai ido na uku, bakinsa kan gyaru, wanda kuma ya gudu saboda haka ya hutar da ke. Za ku iya yin kiran murya ko na bidiyo a cikinta ba sai kin ba da lambarki ba.

Sai dai yawancin masu shiga can aure suke nema, wasu ma da zafi-zafi. Don haka ki rubuta a bayananki tun farko cewa kina son a san juna a tsanake. Kuma kada ki yi mamaki in kin ga sa'anninki ba su da yawa a Kumasi. Ki daidaita shekarun da kike so, ki faɗaɗa nisan ya kai Accra ko Tamale.

Tinder da Badoo sun fi jama'a, amma kowa da abin da ya kai shi. A Tinder akwai wurin zaɓar irin alaƙar da ake nema. Kada ki taɓa na gajeren lokaci don kin ce ba ki gaggawar aure, domin maza da yawa wata fassara za su yi masa wadda ba ta dace da ke ba. In har za ki shiga, akwai hanyar toshe lambobin da ke wayarki, don kada surukinki ko maƙwabcin shago ya ci karo da hotonki. Bumble kuwa da farko an gina ta ne a kan mace ta fara magana, abin da ke rage saƙonnin banza.

Batun kyauta: rajista da hira da wanda kuka amince da juna ba a biya. Amma ana ƙayyade yawan mutanen da za ki iya nuna kina so a rana, kuma za su dame ki da tallar ki biya don ganin waɗanda suka zaɓe ki. Ba ki buƙata. In kika biya sau ɗaya, kuɗin kan ci gaba da fita duk wata sai kin soke da kanki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, ki saurara da kyau. 'Yan sakawa, wato masu damfara ta intanet, sun san matar da miji ya rasu tana da ɗan jari, kuma tana ƙishin kalma mai daɗi. Zai zo miki da sallama da addu'a, ya ce shi Alhaji ne mazaunin Jamus, matarsa ta rasu. Kwana biyu ya ce ku koma WhatsApp. In kin nemi kiran bidiyo, kullum da uzuri. Sai wata rana ya aiko miki da kaya sun maƙale a filin jirgi, ko kwantenarsa tana tashar jirgin ruwa ta Tema ana neman kuɗin fito, ki taimaka ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, zai mayar. Ranar da kuɗi ya shigo zancen mutumin da ba ki taɓa gani ido da ido ba, ki toshe shi, ko sidi goma ne. Kuma kada ki tura wa kowa hoton da ba za ki so 'yarki ta gani ba. In wani ya yi miki barazanar yaɗa hoto, dokar tsaron intanet ta Ghana ta 2020 ta haramta wannan. Ki kira 292, lambar hukumar tsaron intanet, kada ki biya shi ko kwabo.

In zance ya yi daɗi har kuna son haɗuwa, ku haɗu da rana a cikin jama'a, kamar Kumasi City Mall ko Rattray Park. Ki je da kanki, ki dawo da kanki, 'yarki ta san inda kike, kuma kada ki nuna masa gida ko shago tukuna. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana da mata, domin maza masu shekarunsa akasari suna da iyali, kuma haƙƙinki ne ki sani kafin zuciya ta yi nisa. Ki tambayi unguwarsu da masallacin da yake salla, sannan ki tura yayanki ya yi bincike wajen limamin da mutanen unguwar kafin haɗuwa ta biyu.