Tambaya da Amsa: Shin ɓata lokaci ne a yada zango a gari kafin hawan tsauni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina muna shirin zuwa Tanzaniya domin hawan tsaunin Kilimanjaro, kowa da jakarsa ta goyo, amma mun samu saɓani. Wasu suna so mu kwana biyu ko uku a garin Moshi mu huta mu zaga gari, wasu kuma suna ganin ɓarnar kuɗi ce, gara washegarin saukarmu mu kama hanya. Wani ma cewa ya yi zaman garin zai sa jikinmu ya saba da tudu. Wanne ya fi dacewa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ina tare da masu son a yada zango, sai dai hujjar da abokinka ya kawo ba daidai ba ce, kuma ya kamata a gyara ta tun yanzu, domin kuskure ne mai jefa matafiya cikin haɗari.

Garin Moshi bai kai mita 1,000 sama da teku ba, alhali ƙololuwar Kilimanjaro, wadda ake kira Uhuru, tana kan mita 5,895, inda oksijin da mutum ke shaƙa a kowane numfashi bai wuce kusan rabin abin da yake samu a bakin teku ba. Ciwon tudu yakan fara ne daga wajen mita 2,500, da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da rashin barci, don haka ko mako guda kuka yi a Moshi, jikinku bai ɗanɗana wannan yanayin ba tukuna. Haka abin yake ga masu kwana a Katmandu, babban birnin ƙasar Nepal, mai tsayin kusan mita 1,400, kafin su nufi sansanin da ke gindin tsaunin Everest. Inda zaman gari yake sabar da jiki shi ne wuri irin Kusko na ƙasar Peru, da ke kan kusan mita 3,400, inda baƙo kan yi haki ko da matattakalar masauki kawai ya hau. Ku naku sabon a kan tsaunin zai samu, shi ya sa nake ba da shawarar hanya mai ɗaukar kwana bakwai ko takwas, kamar Machame ko Lemosho, a maimakon ta kwana biyar. A nan ne sauri yake haifar da nawa, wani lokaci ma ya haifar da saukowa da mutum a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.

Duk da haka zangon yana da amfani mai yawa. Wanda ya kwana a zaune cikin jirgi ko a filin jirgin sama yana jiran canji bai kamata ya fara tafiyar awa biyar ko shida a ƙafa da bashin barci a kansa ba. Kuma jaka takan makara a hanya, to idan takalminka da rigar sanyinka suna cikinta, kwana biyun nan su ne za su cece ka. Dokar wurin ba ta yarda a hau ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba, kuma bisa al'ada yakan zo masauki ya sa ku baje kayanku a ƙasa, ya duba safar hannu da fitilar goshi da jakar barci ɗaya bayan ɗaya, abin da ya gaza a yi hayarsa a cikin gari. Ku yi amfani da wannan zaman ku tambaye shi nauyin da 'yan dako za su ɗauka da yadda ake biyansu, domin a kan wuyansu tafiyar take, kuma hakkinsu abin kula ne.

Game da zaga gari kuwa, ku yi shi cikin natsuwa. Ka sa takalmin da za ka hau da shi ka yi tafiyar awa ɗaya ko biyu, idan akwai inda yake cizonka a diddige za ka gane tun kafin ya zama bororo. Abin da na fi ji muku tsoro shi ne ciki. Gudawa tana tsotse ruwan jiki, kuma wanda ya fara hawa a haka wahalarsa ninki biyu ce, saboda haka ku sha ruwan gora ko wanda aka tafasa, ku ci abinci da zafinsa, ku bar gwaje-gwajen ciye-ciye sai kun sauko. Kwana biyu ya isa. Idan kuna da hali da lokaci fiye da haka, ku kashe su a tsaunin Meru da ke kusa da garin Arusha, mai tsayin fiye da mita 4,500, domin shi kam zai sabar da jikinku da tudu kafin ku fuskanci Kilimanjaro.