Zan iya koyon kemistiri sosai a ƙaramar jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Ƙaura Namoda, na nemi harhaɗa magunguna a Danfodiyo ban samu ba, yanzu kuma an ba ni kemistiri a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Abokaina suna ta ce min in bari in sake rubuta JAMB, wai ƙananan jami'o'i ba su da malamai kuma ba rayuwa a cikinsu. Don Allah me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ni shawarata ka karɓa, amma ka je ka ga wurin da idonka tukuna, zan faɗa maka abin da za ka duba.

Maganar malamai da abokanka suke yi, ka tambaye su daga ina suke zaton malaman suka fito. Jami'ar Gusau da ta Birnin Kebbi duk a 2013 aka kafa su, ta Aliero kuma 2006, to ka ga ba su daɗe da za su yaye dukkan malamansu da kansu ba, da yawa daga masu koyarwa a irin waɗannan jami'o'i a Danfodiyo Sakkwato ko ABU Zariya ko BUK suka yi digirinsu na biyu da na uku, wasu kuma TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta ɗauki nauyinsu suka je waje kamar Maleshiya da Ingila suka dawo. Akwai kuma furofesoshi da suke zuwa daga manyan jami'o'in na ɗan lokaci su koyar. Manhajar ma kusan ɗaya ce, hukumar NUC mai kula da jami'o'i ce take tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar kuma ita take zuwa tantance kwas. Wannan tantancewar ita ce abu na farko, ka je sashen kai tsaye ka tambaya ko kwas ɗin yana da cikakkiyar amincewar NUC, kar ka ji kunyar tambaya.

Abu na biyu wanda ya fi damuna shi ne ɗakin gwaji. Kemistiri da hannu ake koyonsa wallahi. Na sha ganin ɗalibi ya haddace lissafin taitireshan (auna ƙarfin sinadari ta hanyar ɗiga masa wani har launin ya canza) tsaf, amma ka miƙa masa buret, dogon bututun gilashin da ake ɗigawa da shi, ka ce ya buɗe famfon a hankali yana kaɗa kwalbar da ɗaya hannun, sai ka ga ya sake shi gaba ɗaya, ruwan ya tsallake ruwan hoda mai haske ya koma ja wur, aikin ya lalace. Ɗigo ɗaya tak ne tsakanin daidai da kuskure, kuma ba mai iya wannan sai wanda ya yi ta maimaitawa. A nan ne ƙaramin aji yake da riba, domin inda ɗalibai suka yi yawa sai ka tarar mutum goma sun kewaye buret ɗaya, ɗaya yana aiki saura suna kwafar sakamako. Saboda haka ka samu 'yan aji uku ko huɗu ka tambaye su sau nawa suke shiga firaktikal a sati, mutum nawa ake haɗawa a tebur, akwai ruwa da wuta ko sola a ɗakin, kuma akwai na'urar zuƙe hayaƙi mai aiki? Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne a yankinmu, sinadarin da ake kira ether, wanda ake tace abubuwa da shi, yana tafasa ne a wajen digiri 35, mu kuwa a Maris da Afrilu zafi yana haura 40, ka buɗe kwalba kawai ya fara tashi, ga shi da saurin kama wuta.

Kuma kar ka ɗauka kemistiri ba shi da aiki a gida. Kai ɗan Zamfara ne, ka san abin da ya faru a 2010 a yankin Anka da Bukkuyum, gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400, kuma da awon jini da awon ƙasa aka gane musabbabin, aikin masana sinadarai ke nan. Har yau ana buƙatar masu iya auna ruwan rijiya da ƙasar gona da taki. Idan ka kai aji uku za ka fita SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata, ka nemi wurin da ke da ɗakin awo na gaske, irin kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato ko hukumar ruwa ko NAFDAC, kar ka tsaya inda za a sa maka hannu kawai a littafi.

Rayuwar makaranta kuwa ba za ta kai ta ABU a Samaru hayaniya ba, wannan gaskiya ne. Akwai dai masallaci da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ƙungiyar ɗaliban kemistiri da ƙwallon yamma, kuma malaminka zai san sunanka tun shekarar farko, abin da zai yi maka amfani ranar zaɓen mai duba furojet da ranar neman takardar shaida ta zuwa digiri na biyu. Ka tambayi maganar hostel da kuɗin mota da wuri, ka kuma kiyaye tafiyar dare a hanyar gida.

In har zuciyarka tana kan harhaɗa magunguna, kana iya sake rubuta JAMB kana cikin aji ɗaya, kemistirin da fiziks da bayolojin da za ka yi a shekarar su ne dai za su fito maka a jarrabawar. Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri.