Amsa ga ƙanenmu da littafin wasansa ya fara zubar da shafuka

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka tara kuɗi daga ɗan abin da kake samu na ɗalibta ka sayi littafin wasan ban tsoro na Jamusanci mai bango mai tauri, irin wasan da ake zama a tebur mutum ɗaya yana jan labari sauran suna taka rawar mutanen cikinsa, ba a je ko'ina ba shafukan tsakiya suka fara ɓallewa, ga rubutun a kan baƙin shafi ba ya karantuwa da zarar an rage fitila. Kana tambaya ko duk littattafan Jamus haka suke, ko kuwa ka koma sayen na Turanci. Wallahi na san wannan ciwon. Sannu.

A'a, ba duka ba ne. Hasali ma Jamusawa sun yi suna a wannan fanni. Wasan Cthulhu da kamfanin Chaosium ya fitar a Amurka a 1981 ya shigo Jamusanci tun 1986, daga 1999 kuma ya koma hannun kamfanin Pegasus Spiele da ke Friedberg. Pegasus ya yi suna da sa tsofaffin hotuna na gaske na shekarun 1920 a cikin littafi, da wasiƙu da yankan jarida da mai jan wasa zai miƙa wa 'yan wasa su riƙe a hannu kamar daga wani tsohon akwati aka zaro su. Nawa na bugu na bakwai, wanda ya fito a 2015, ya sha jaka ya sha jirgin ƙasa, an zubar masa da shayi, har yau ko shafi ɗaya bai motsa ba. Don haka kada littafi ɗaya ya sa ka yi fushi da duka.

Amma ni ma an taɓa cuta ta, kuma har yanzu idan na tuna sai raina ya ɓaci. Wani kamfani ne, ba cikin waɗanda zan ambata a nan ba, ya yi tallar bugu na musamman, wai kaɗan za a buga, a biya tun kafin ya fito. Lokacin ina aikin dare a wurin ajiyar kaya, kowane Yuro da gumi yake zuwa, ga gida ana jiran abin da zan aika. Na daure na biya. Aka yi ta ɗaga rana, aka yi ta ba da haƙuri. Da ya iso kuwa sai ka rantse ba a taɓa buga littafi mai kyansa ba: bango kamar fata, rubutu na ruwan zinari, zane mai sa tsigar jiki ta tashi. Ashe kyan ɗan maciji ne. Ranar da na fara jan wasa da shi, mun kashe fitila mun kunna kyandir, 'yan wasana sun nutsu, ɗaya har ta riƙe numfashi tana jiran abin da ke bayan ƙofar ɗakin ƙasa, na buɗe littafin in karanta musu abin da suka gani, sai na ji ƙas. Gam ɗin ya tsage. Shafuka suka zube ƙarƙashin tebur, ciki har da taswirar gidan da bai kamata su gani ba, wani ya sunkuya ya ɗauko mini ita yana kallo. Dole aka kunna fitila. Tsoron da na kwana ina ginawa ya watse nan take, muka ƙarasa wasan babu armashi, kowa na cewa ba komai, ni kuwa na san da komai.

Ba ma wannan ne ya fi ƙona mini rai ba, amsar da suka ba ni ce. Na rubuta musu cikin ladabi, da hotuna, da Jamusancin da na zauna na gyara kalma bayan kalma. Suka yi shiru. Na sake rubutawa. Sai wani ya amsa da layi biyu, wai ni ne na buɗe littafin da ƙarfi, wai irin wannan bugu na ajiya ne a kanta. Na ajiya! Littafin dokokin wasa, wanda aikinsa kenan a buɗe shi a shimfiɗe a kan tebur ana jefa 'yan lido a gefensa? Ko kalmar haƙuri ɗaya babu. Na karanta saƙon nan a tashar jirgi hannuna na rawa. Kuɗin ya yi mini ciwo, amma rainin ya fi.

To kai kada ka bari a yi maka haka. Nemo rasit ɗinka yau. Abin da ka saya ta intanet daga ɗan kasuwa, dokar Jamus ta ba ka kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba. Ko sun wuce, sabon kaya yana da shekara biyu na haƙƙin gyara ko musanya idan da aibi ya zo, kuma tun daga 2022, aibin da ya bayyana cikin wata 12 na farko ana ɗauka da shi aka kawo maka kayan, mai sayarwa ne zai nuna akasin haka. Wurin wanda ya sayar maka za ka koma. Ɗauki hoto, rubuta gajere, ka ba su wa'adi. Kada ka sa salatif tukuna, sai su ce kai ka ɓata shi.

Nan gaba kuma, bango mai tauri ba shi ne ƙarfin littafi ba. Ɗinki ne. Juya littafin ka leƙa gadon bayansa ta sama: idan ka ga takardun a ƙananan ɗauri-ɗauri a naɗe, ka buɗe tsakiyar ɗauri ɗaya ka ga zare, to ɗinkakke ne, zai kwanta a buɗe ba gardama. Idan kuwa takardu ne ɗaiɗai a jere cikin gam, ka yi tunani sau biyu. A shafin talla ka nemi kalmar Fadenheftung, wato ɗinkin zare. Ga 'yan ƙananan littattafan labari masu laushin bango, waɗanda sau ɗaya ko biyu za ka ja su, gam ba laifi, kuɗinsu ma kaɗan ne. Littafin dokoki ne ba na yarda.

Maganar baƙin shafi kuwa, ita ce ta fi damuna da masu tsara littattafan ban tsoro a ko'ina. Suna son shafin kansa ya ba da tsoro, sai su zuba baƙi da ja da tabon jini, su ɗora siririn farin rubutu a kan takarda mai sheƙi. Sun manta a duhu ake wasan. Ga Jamusanci da dogayen kalmomi, fassara takan fi asalin Turancin tsawo, wani lokaci sai a matse haruffa don komai ya shiga. Mu da muka koyi harshen da girma, wahalar ninki biyu ce. Ni yanzu a shago nakan kare shafin daga haske da tafin hannu in gwada karanta sakin layi ɗaya. Sai in duba fihirisa a baya, in nemi dokar hauka ko ta rauni, in ga ko zan same ta kafin 'yan wasa su gaji da jira.

Duk da haka kada ka bar Jamusancin, don Allah. A teburin wasa bakina ya buɗe, ba a aji ba. Mutanen da na fara zama da su suka yi ta haƙuri da ni, ina in-ina suna jira, idan lokacin salla ya yi su dakata ba tare da na roƙa ba. Da na tsaya kan na Turanci da ban same su ba. Kuma kamfanonin nan ƙanana ne, kasuwar ba ta da faɗi. A 2019 Uhrwerk da Feder & Schwert suka shiga matsalar bashi har gaban kotu, Uhrwerk ta farfaɗo, ita ce ma ta kawo mana wasan ban tsoro na Vaesen da Jamusanci. Shi ya sa wanda ya yi aiki mai kyau nake saya a wurinsa da zuciya ɗaya.

Tun da aljihu ba nauyi, fara da na kyauta. Wasan FHTAGN na ƙungiyar Deutsche Lovecraft Gesellschaft dokokinsa suna intanet, ka buga shafukan da kake buƙata kawai. Kada ka wahalar da kanka yawon neman rahusa a kan sabon littafi, dokar farashin littattafai ta sa kusan ko'ina kuɗin ɗaya ne. Rahusar gaske tana kan masu ɗan tabo a bango, waɗanda ake buga wa hatimi a gefe, cikinsu lafiya lau. Ana samun irinsu a baje kolin SPIEL na Essen cikin Oktoba, a can kuma za ka taɓa littafi da hannunka kafin ka biya.

Turo mini hoton gadon bayan naka ta akwatin saƙo in gani, in taya ka rubuta musu wasiƙar. Kafin su amsa, idan kana da wasa a ƙarshen makon nan, ina da littafin dokoki na biyu, zan aiko maka aro.