Shin gasar gudu za ta iya haɗa kan mutanen Kaduna?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gudun fanfalaki zai iya gyara tsakanin mutanen da rikici ya raba, ko ɓarnar kuɗi ce kawai. Ni ina ganin yana da amfani sosai, matuƙar an tsara hanyar da gangan.

Tun rikicin 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya zama mana kamar iyaka tsakanin unguwannin Musulmi da na Kirista. Akwai matashin Rigasa da bai taɓa taka Sabon Tasha ba, akwai na Narayi da bai san Kawo ba sai ta tagar mota. Wannan yana min ciwo ƙwarai. Gudu zai sa su tsallake gada da ƙafa, kafaɗa da kafaɗa, jama'a na kallo. In ka kai kilomita 15, maƙogwaro ya bushe, gwiwa na rawa, wanda ya miƙo maka ledar ruwa ba ka tambayar sunansa balle addininsa.

A Kenya, shahararriyar 'yar gudun fanfalaki Tegla Loroupe ta fara shirya gasar gudun zaman lafiya a Kapenguria a 2003, tana tara matasan ƙabilun Pokot da Turkana da suka daɗe suna kwashe wa juna shanu.

Mu ma an yi gudun kilomita 21 a nan a Nuwamban 2020. Sai dai rana ɗaya ba ta isa. Ina so matasan unguwanni su riƙa atisaye tare duk safiyar Asabar, wannan makon a Dandalin Murtala, mai zuwa a Barnawa, limamai da fastoci su tsaya wurin raba ruwa.