Hukuncin waƙar hip hop da zambon da ke cikinta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta baitocin hip hop, wadda wasu ke kira gambarar zamani. Biyu da na ɗora a TikTok sun karɓu, har wani mai situdiyo ya neme ni, amma ya ce sai na fara da yi wa wani mawaƙi zambo don sunana ya tashi. Mahaifina kuma ya ce harkar duka haramun ce. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka ta ƙunshi baitoci da kiɗa da zambo, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Baiti magana ce. Mai kyau mai kyau ne, mummuna mummuna ne. Annabi (SAW) ya kasance yana sanya wa Hassanu ɗan Sabit mumbari a masallaci yana rera baitocinsa. Ƙarshen Suratush Shu'ara ya zargi mawaƙa, sannan ya toge waɗanda suka yi imani suka aikata ayyuka na gari. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a. Saurin furuci da amsa-amo ba su haramta magana. Kasancewar salon ya samo asali a unguwar Bronx ta birnin New York a 1973, tsakanin baƙaƙen fatar Amurka, shi ma bai haramta shi ba.

Kiɗan kuwa, a nan mahaifinka yana da hujja mai ƙarfi. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, banda duffi a biki, saboda hadisin Abu Malik Al'ash'ari da ke cikin Buhari. Risala, wadda muka taso muna karantawa a zaure, ta hana sauraren kayan kiɗa. Ibn Hazm ya saɓa, ya ce isnadin hadisin a yanke yake, Ibnus Salah ya mayar masa da martani. Ni maganar jamhuru, wato mafi yawan malamai, na rinjayar, kuma kiɗan da aka haɗa a kwamfuta kiɗa ne. Ka rera baitocinka da murya zalla. Mutah Beale, mawaƙin hip hop na Amurka wanda aka sani da Napoleon a ƙungiyar Outlawz ta shahararren mawaƙi Tupac, ya ajiye harkar gaba ɗaya bayan ya rungumi addini, alhali ya fi ka nisa a cikinta.

Zambo ya fi damuna, domin shi babu saɓani a kansa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da aibanta juna da jifa da munanan laƙabai. Sayyidina Umar ya tsare Huɗai'a, gwanin mawaƙan zamaninsa, saboda zambon da ya yi wa Zibriƙanu ɗan Badar, kuma a baitin ko ashar babu, gori ne kawai na ci da sutura. To ina ga wanda zai ambaci uwar wani, mutum dubu ɗari su saurara su yaɗa? Wannan haƙƙin bawa ne, istigfari kaɗai ba ya goge shi sai mai haƙƙin ya yafe. Kuɗin da aka biya ka a kansa ba halal ba ne, ko da ku biyun kun shirya rigimar ne don jan hankalin mabiya, don ƙarya ta ƙaru a kan zagi.

Ka ƙi tayin mai situdiyon. Ka zauna da mahaifinka ka karanta masa abin da ka rubuta. In ya ji ya dage a kan hani, ka bi shi, domin biyayyarsa wajibi ce, rera waƙa kuwa iyakarta halacci. Allah ne mafi sani.