Tambayoyinku kan fasaha: haɗa dek da auna sabon kati a wasannin salula

Saƙonnin wannan mako sun karkata ga wasannin kati na salula, irin su Hearthstone, Marvel Snap da Clash Royale, waɗanda wasu matasanmu ke bugawa a fada ana jiran shayi ya nuna. Na zaɓi biyar daga ciki, kuma na fi daɗewa a kan biyun farko domin su ne tushen sauran.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdu Mumuni a nan Yamai. Ina buga Hearthstone, kuma duk manyan katunan da na samu na zuba su cikin dek ɗina. Amma kullum sai an cinye ni kafin in ajiye ko ɗaya daga cikinsu. Abokina da katunansa ba su kai nawa ba ya wuce ni nesa. Ina matsalar take?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Matsalar tana cikin abin da ka faɗa da bakinka: manyan katuna ka tara.

Ka tuna yadda wasan yake tafiya. Dek ɗinka, wato tarin katunan da kake shiga wasa da su, kati 30 ne. A zagayen farko lu'ulu'u 1 gare ka, wato abin da ake biya a ajiye kati, a na biyu 2, haka yake ƙaruwa har ya tsaya a 10. Katin da ke cin lu'ulu'u 7 ba zai sauka ba sai zagaye na bakwai. Idan hannunka ya cika da irinsa tun farko, zagaye huɗu ko biyar za ka yi kana kallo, abokin karawa yana jera ƙananan mayaƙa yana rage maka jini. Jinin nan 30 ne kacal. Kafin babban katinka ya iso, rabi ya tafi, kuma kati ɗaya ba ya tare mayaƙa huɗu.

Kafin ka zaɓi kati ko ɗaya, ka amsa wa kanka wannan: ta wace hanya nake so in ci wasan? Akwai mai saurin kai hari, wanda ke so a gama kafin zagaye na bakwai. Akwai mai jan wasa, wanda ke share duk abin da aka ajiye masa har abokin karawa ya ƙare katuna, sannan ya fito da manyansa. Akwai kuma mai jiran haɗuwar wasu katuna biyu ko uku da za su gama wasa a zagaye ɗaya. Ga wanda ya fara kwanan nan, ina ba da shawarar na farko da zuciya ɗaya. Katunansa sun fi araha, wasansa gajere ne, kuma yana koya maka lissafin duka da jini da wuri. Misalin rabon da za ka fara da shi: kati 6 masu cin lu'ulu'u 1, kati 8 masu cin 2, kati 6 masu cin 3, kati 5 masu cin 4, sai kati 5 daga 5 zuwa sama. Daga baya ka gyara gwargwadon abin da ka gani a fili.

Abu na biyu, wanda sababbin shiga suka fi yi wa sakaci, shi ne kwafi. Wasan ya yarda ka sa kati iri ɗaya sau biyu, ban da masu dutse ruwan goro da ake sa ɗaya tak (launin dutsen da ke jikin kati shi ke nuna darajarsa, ruwan goro ne mafi daraja). Mutane da yawa suna sa katuna 30 mabambanta don dek ya yi kyan gani. Ga lissafin. Idan kai ka fara wasa, a zagaye na bakwai ka ga katuna 10 daga cikin 30. Katin da ka sa kwafi ɗaya, damar ya zo hannunka zuwa lokacin kashi 33 ce cikin 100. Idan kwafi biyu ne, damar ta haura kashi 56. Duk katin da shirinka ya dogara a kansa, ka sa shi biyu, ko da hakan zai sa ka cire wani da kake ƙauna.

Sannan ka riƙa amfani da damar canza hannu da ake bayarwa kafin a fara. Duk katin da ya haura lu'ulu'u 3 ka mayar da shi, sai fa idan kana da ƙwaƙƙwaran dalili.

Masu buga Clash Royale, hukuncin ɗaya ne duk da katunanku 8 ne kawai. Wasan da kansa yana nuna maka matsakaicin tsadar dek a ƙasan allo. Idan ya haura 4 da yawa, za ka riƙa jira ana rushe maka hasumiya. Ka tabbata kana da kati ɗaya mai kai wa hasumiya hari kai tsaye, kamar Hog Rider ko Giant, da abin harbo masu tashi sama, da katin tsafi ɗaya ko biyu, wato katin da ke yin aikinsa a wurin da aka jefa shi sannan ya ɓace.

Tambaya: Injiniya, ni mai gyaran salula ne a kasuwar Katako. Duk lokacin da aka fito da sababbin katuna sai in ga ƴan YouTube suna cewa wannan kati zai gagari kowa. Na ƙera biyu bisa maganarsu, wato na kashe abin da na tara a wasan na samo su, ga su nan ajiye ba amfani. Yaya mutum zai gane katin kirki da kansa?

Amsa: Abokina, wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗinta, domin amsarta tana aiki a kowane wasan kati.

Ka fara da ma'auni mafi sauƙi. A tsohon Hearthstone akwai kati mai suna Chillwind Yeti: yana cin lu'ulu'u 4, dukansa 4, jininsa 5, ba shi da wani rubutu a jikinsa. Daga irinsa aka fitar da ƙa'idar cewa duka da jini idan an haɗa su ya kamata su kai ninki biyu na tsadar kati, a ƙara ɗaya. Idan sabon kati mai cin 4 ya zo da duka 3 da jini 3, to an rage masa maki 3, kuma rubutun da ke jikinsa ne zai biya wannan giɓin. Sai ka tambayi kanka ko ya biya. Katunan yau sun fi na da ƙarfi ƙwarai, amma ma'aunin yana nan da amfaninsa wajen nuna maka abin da kake saya da abin da aka rage maka.

Daga nan sai tambayar da ta fi nauyi: a zagayen da na ajiye shi, me yake yi nan take? Tarihin wasan yana da darasi a kan wannan. A watan Disamba na 2014 aka fito da rukunin Goblins vs Gnomes, da katuna biyu masu cin lu'ulu'u 7. Ɗaya shi ne Troggzor, mai duka 6 da jini 6, wanda ke kiran ƙarin mayaƙi duk lokacin da abokin karawa ya yi tsafi. Masu sharhi da yawa suka yi masa kirari. Ɗayan shi ne Dr. Boom, mai duka 7 da jini 7, wanda ke sauka tare da ƙananan bama-bamai biyu, kowanne idan ya mutu sai ya yi ɓarnar 1 zuwa 4. Shi kuwa da yawa ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Da aka shiga fili, ashe kallon kitse aka yi wa rogo: Troggzor ya ɓace, Dr. Boom ya shiga kusan kowane dek har tsawon zamaninsa. Dalilin a fili yake. Troggzor yana jiran abokin karawa ya yi masa abin da yake so, shi kuwa abokin karawa sai ya kashe shi da mayaƙa kawai. Dr. Boom ba ya jiran kowa. Ko an kashe shi a take, bama-baman sun riga sun zauna.

Don haka idan kana karanta sabon kati, ka ƙirga kalmar "idan" da ke cikinsa. Idan kana da kaza a hannu, idan ya rayu zuwa zagaye na gaba, idan abokin karawa ya yi kaza. Kowace "idan" ragi ce. Bidiyon da ka kalla yana nuna maka wasa ɗaya da komai ya dace, ba a nuna maka sauran da katin ya kwana a hannu. Ka auna shi a ranar da ake cin ka: allon abokin karawa cike, jininka ya yi ƙasa, ka ja wannan kati. Zai cece ka?

Sai kuma gidan da zai zauna. Idan kana buga kartar belot ka sani: bale a atu, wato launin da ke cin sauran, maki 20 ne, a wani launi kuwa 2 ne, alhali katin bai canza ba. Haka sabon kati yake. Darajarsa tana ga katuna 29 da ke kewaye da shi. Kafin ka ƙera shi, ka buɗe dek ɗinka ka nuna katin da za ka cire domin ya shiga. Idan ka kasa nunawa, ba ka buƙatarsa tukuna.

Kuma ka jira. Makon farko bayan fitowar sabon rukuni kowa gwaji yake yi, dek marasa tsari sun cika fili, ko raunanan katuna suna cin wasa. Bayan mako biyu abubuwa sun lafa, shafuka irin su HSReplay sun tara sakamakon wasanni masu yawa, sai ka ga abin da ya tsaya da ƙafarsa. Ko a nan ka duba yawan wasannin da aka ƙirga da matakin waɗanda suka buga su, domin dek ɗin da ke aiki a hannun gwani yakan wahalar da ɗan koyo.

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Daga Tawa nake rubuto maka. Ba ni da halin sayen fakitin kati, kuɗin forfe ma da ƙyar. Mutum zai iya yin nisa a Hearthstone ba tare da ya kashe ko dala ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Zai iya, matuƙar ya iya tattalin ƙura, wadda da ita ake ƙera kati. Farashin ƙerawa 40 ne ga mai farin dutse, 100 ga mai shuɗi, 400 ga mai shunayya, 1600 ga mai ruwan goro. Idan kuwa narkar da kati za ka yi, ƙurar da ake ba ka 5 ce, 20, 100 da 400. Ka ga asarar: sai ka narkar da manya huɗu kafin ka ƙera ɗaya. Wannan ne ya sa nake jin ciwo idan na ga yaro ya narke tarinsa duka don dek ɗaya da ya gani jiya.

Tun 2021 kamfanin Blizzard yana ba kowa rukunin katunan tushe kyauta, ana sabunta shi kowace shekara. Ka gina a kansa. Ka zaɓi jarumi ɗaya ko biyu ka tsaya a kansu. Da zinariyar da kake tarawa a cikin wasan ka saya fakitin rukunin da ya fi sabunta, domin a tsarin Standard, wato tsarin da ake buga katunan tushe da na rukunan baya-bayan nan kawai, tsofaffin rukunai suna fita kowace shekara. Kada ka zuba ƙura 1600 a katin da ya rage masa wata biyu. Kuma idan kamfanin ya rage wa wani kati ƙarfi, yana ba da kimanin mako biyu da za ka narkar da shi a mayar maka da cikakken farashinsa. Saboda haka kwafin da suka yi maka yawa na katunan da kowa ke kuka da ƙarfinsu, ka adana su.

Ka guji masu tura maka manhajar da aka ce an buɗe mata katuna duka. Tarin katunanka yana kan kwamfutocin kamfani, ba cikin salularka ba, don haka babu manhajar da za ta ƙara maka ko ɗaya. Abin da takan yi shi ne sace asusunka.

Tambaya: Malam, rezo yana yanke mini a tsakiyar wasa, in dawo in tarar an cinye ni. Salulata kuma tana zafi. Daga unguwar Bukoki.

Amsa: Wasan kansa ba ya cin mega da yawa, sabuntawa ce ke cinye forfe, don haka ka saita Play Store ya riƙa sabuntawa ta wifi kaɗai. A Hearthstone ka zaɓi yankin Turai, shi ya fi kusa da mu, kuma ka zaɓa tun farko domin katuna ba sa ƙaura daga yanki zuwa yanki. Ka rage ingancin hoto a saituna, ka rufe sauran manhajoji, kada kuma ka buga salula tana kan caji a zafin Afrilu. Idan rezon unguwarku ba ya ɗorewa, gwada Marvel Snap: kati 12, zagaye 6, kimanin minti uku an gama. A wasa na yau da kullum kana ganin katuna 9 daga cikin 12, don haka shirinka ya fi yawan zuwa hannu.

Tambaya: Malam, ni uwa ce. Ɗana mai shekara 14 ya roƙe ni jika biyar wai zai sayi fakitin kati a wasa. Da na tambaye shi me ke ciki sai ya ce ba a sani sai an buɗe. Wannan ba caca ba ce?

Amsa: Hajiya, damuwarki a kan hanya take. Hukuncin addini malamai za ki tuntuɓa, amma ga yadda abin yake a fasahance. A Hearthstone fakiti kati 5 ne, an ba da tabbacin aƙalla ɗaya mai shuɗin dutse ko sama da haka, sauran sa'a ce. Katunan ba sa komawa kuɗi, ba a kuma sayar wa wani su. Amma biyan kuɗi don abin da ba a san shi ba sai an buɗe ya dami hukumomi ma: a 2018 ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a na wasu wasanni a matsayin caca, kuma Apple da Google sun wajabta wa masu wasanni su bayyana damar samun kowane irin kaya kafin a saya.

Ni a ganina yaro mai shekarunsa ba ya buƙatar sayen komai, domin abin da ake samu kyauta ya ishe shi. Ki karɓi salular ki shiga saitunan Play Store, ki kunna neman kalmar sirri a kowace sayayya, kalmar kuma ta zauna a wurinki. Idan akwai katin banki da aka taɓa sawa a ciki, ki cire shi. Manhajar Family Link ta Google kyauta ce, za ta ba ki damar ƙayyade masa awannin wasa daga taki salular, kuma duk abin da zai saya a Play Store sai an nemi amincewarki.