Amsoshin Tambayoyinku: Wa ya riƙe sunan Black Sabbath?

Tambaya: Assalamu alaikum. Da Ozzy Osbourne ya mutu a 2025 na ji ana cewa shi ne mawaƙin ƙungiyar Black Sabbath, amma wani abokina ya ce ta yi shekaru masu yawa ba tare da shi ba. Mu a nan da sunan jagora ake kiran ƙungiya, kamar Narambaɗa ko Ɗanƙwairo. Ta yaya za a cire mawaƙi kuma suna ya zauna?
Daga wani mai karatu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗi gaskiya. A wajenmu 'yan amshi da makaɗa ne ke sauyawa, jagora yana nan daram, amma a Black Sabbath sunan bai bi murya ba, mai kaɗa jita Tony Iommi ya bi.

Samari huɗu ne suka kafa ta a birnin Birmingham na Ingila a 1968: Ozzy yana waƙa, Tony Iommi da Geezer Butler suna kan jita, Bill Ward kuma yana kan ganguna. Sun taɓa amfani da sunan Earth, suka sauya zuwa Black Sabbath a 1969, sannan faifansu na farko ya fito a 1970, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin mafarin kiɗan hebi metal, wato kiɗan jita mai nauyi da tsananin ƙara. Iommi yana da shekara 17 injin wata masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, sai ya yi musu 'yan huluna na roba, daga baya kuma ya sassauta tsirkiyar jitarsa don rage raɗaɗi, abin da ya ƙara wa kiɗan kauri da nauyi. A ganina wannan amon shi ne ainihin ƙungiyar, shi ya sa tafiyar mawaƙi ba ta kashe ta ba.

A 1979 aka sallami Ozzy saboda shaye-shaye, aka ɗauko mawaƙi Ronnie James Dio, wanda ya farfaɗo da kasuwarsu kafin ya fita a 1982. Daga nan Ian Gillan ya shigo a 1983, sai Glenn Hughes, sai Tony Martin daga 1987. Ward da Butler ma sun yi ta fita suna dawowa. Iommi kaɗai ne bai taɓa barin ta ba.

Mutum huɗun farko sun sake haɗuwa a 1997, sai dai hakan bai hana Ozzy kai Iommi ƙara a kan mallakar sunan a 2009 ba, suka sasanta a 2010. Faifansu na ƙarshe ya fito a 2013 babu Ward, saboda saɓani kan yarjejeniya. Ranar 5 ga Yuli, 2025, su huɗun suka yi wasan bankwana a filin Villa Park na Birmingham, Ozzy yana waƙa a zaune saboda rashin lafiya, kuma ya mutu ranar 22 ga watan yana da shekara 76.